Yabo Kaɗai Ba Zai Gyara Hoton Fadamarmu Ba

A zamanin nan babu abin da ya kai hoto araha. Duk saurayin da ke riƙe da Tecno ko Infinix mai ɗaukar hoto ne, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da ya fi burge ni a 'yan shekarun nan shi ne yadda wasu yaranmu suka fara kawar da kyamara daga fuskar amarya da ƙawayenta, suka juya ta ga ƙasar da suka tashi a cikinta. Ka bi hanyar Sakkwato daga Jega ka nufi Aliero da rani, za ka ga wani ya tsugunna a bakin fangalin albasa yana neman inda haske ya faɗo. Ka gangara kudu ta hanyar Koko, kafin ka wuce Maiyama za ka ga wani ya jingine babur yana ɗaukar garken shanu da ƙurar da suka tayar. Ga kuma masu zuwa bakin gulbi da la'asar sakaliya suna jiran rana ta yi ja. Masu ɗauka kam sun samu. Wanda ya yi mana ƙaranci shi ne mai kallon hoto ya gaya wa mai shi gaskiya.

Akwai ɗan zaman da mukan yi lokaci-lokaci, mu da wannan sha'awa ta haɗa: masu ɗaukar hoton biki na Jega, ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da wasu malaman makaranta daga wajen Maiyama. Ba mu da ofis, ba mu da shugaba. Inuwar darbejiya da tabarma da kwamfuta guda sun wadatar da mu. Kowa ya kawo abin da ya ɗauka, a buɗe, a kalla. To a nan gizo ke saƙa. Da an buɗe hoto sai ka ji an ɗauka baki ɗaya: "Masha Allah!" "Kai, wannan ya yi!" "Sai kai, gwani!" A wuce na gaba, shi ma a yi masa haka. Mai hoto ya koma gida ransa fari ƙal, amma bai ƙaru da komai ba. Wani zaman zai dawo da aibin da ya zo da shi a baya: ruwan gulbi a karkace, itace ya tsiro a tsakar kan makiyayi, sama ta ƙone fari fat ba ka ganin ko ɗigon girgije a cikinta.

Ba yabo nake ƙi ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma ambaton Allah a kan abu mai kyau tarbiyya ce da muka tashi da ita. Cewa nake kada magana ta tsaya nan. Na kuma san abin da ke ɗaure bakin mutane. Yaro ba ya gyara wa babba a bainar jama'a. Aboki na gudun a ce hassada ce ta motsa. Shi kuwa mai hoton biki da sunansa yake cin abinci. Ka ce aikinsa na da aibi a gaban mutane, gani zai yi ka taɓa masa kasuwa. Waɗannan ba dalilan banza ba ne. Amma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma zaman da aka kira don a koyi aiki, idan babu gyara a cikinsa, hira ce kawai aka yi.

Mutanen Aliero ma sun fi kowa sanin haka. Da abu biyu garin ya yi suna: albasa da ɗorin karaya. Daga garuruwa masu nisa ake kawo wa masu ɗorinsu majinyata. Mai ɗori ba ya duban karyayyiyar ƙafa ya ce ai lafiya lau take don kada ran mai ita ya ɓaci. Haka nan ba ya cafkar ta ya hau ja kafin ya san inda ƙashi ya rabu. Sai ya tambayi yadda aka faɗi, ya shafa, ya lalubo gurbin, sannan ya ja. Da zafi, amma a daidai wurin. Mu a zamanmu, mai tsoron taɓa ƙafar da mai ja ba lalube su suka fi yawa.

Bari in tsaya a kan mai ja ba lalube, don ɓarnarsa ta fi ta mai yabo. Shi ne wanda ya sayi babbar kyamara, ya kwana yana kallon darussa a YouTube, ya haddace ƙa'idoji. Kowane hoto aka buɗe, amsarsa a shirye take: ba ka bi ƙa'idar raba hoto gida uku ba, me ya sa ka sa itacen a tsakiya, sama ba ta fito shuɗiya ba, wayarka ce ƙarama. Ƙa'idojin ba ƙarya ba ne, suna da amfaninsu. Sai dai galibin masu koyar da su a Turai da Amurka suke zaune, a kan haskensu da samansu suke magana. Can rana na jan jiki kafin ta faɗi, mai hoto na da sararin zagayawa ya zaɓi wuri. Mu nan digiri 12 kacal muke arewa da ikwaita. Rana ta fara ja, kafin ka gama gyara tsayuwa an kira magariba. Sannan su ba su san hunturu irin namu ba.

Wani ɗalibi ya taɓa kawo mana hoton da ya ɗauka a watan Janairu a bakin Gulbin Zamfara, wanda a nan wajenmu aka fi sani da Gulbin Gindi. Hazo ya sauko sosai ranar. Rana ta fito fara sol, ba ta kashe ido. A gaba-gaba giginya guda, baƙa wuluk. A bayanta wasu biyu, toka-toka. Can nesa wasu da ƙyar ido ke rarrabe su da iska. A tsakiya masunci a tsaye cikin jirgi, shi da gorar tuƙinsa sun zama zane ɗaya. Gwanin ƙa'ida ya duba ya ce hoton ya yi dishi-dishi, a sa shi a manhajar Lightroom a share hazon. Yaro ya bi magana, don mai babbar kyamara ne ya faɗa. Da ya sake kawowa, sama ta koma shuɗi shar, ganyen giginya ya yi kore kamar an fesa masa fenti, masuncin ya fito da tsagaggen hannun rigarsa. Aka tafa. Ni dai a wajena an kashe hoton. Hazon nan shi ne ya jera itatuwan, na kusa da na nesa, ya ba hoton zurfi. Shi ne kuma shaidar watan da aka ɗauka. Na farko duk ɗan ƙasar nan ya gani sai ya ji sanyin asuba a gaɓoɓinsa. Na biyu kuwa ba na ko'ina ba ne, don babu wata safiyar Janairu da saman Jega ke yin wannan launi.

Saboda haka nake cewa ma'aunin farko na hoton ƙasa shi ne sanin ƙasar. Wanda bai san fadama ba ba zai iya gyara hoton fadama ba, ko da kyamararsa ta kai kuɗin mota.

Wanda ya tabbatar mini da wannan ma bai taɓa riƙe kyamara ba. Wata rana a ƙofar gidan wani daga cikinmu muka zauna, mahaifinsa na kishingiɗe a gefe yana jan carbi. Aka buɗe hoton wata gona: hadari ya haɗu baƙi ƙirin a sama, ga wani ƙaton gawo a tsakiya ya yi lif da ganye. A ƙasa an rubuta "Damina a Maiyama". Ana cikin yabo sai dattijon ya miƙo kai, ya ƙura wa hoton ido.

"Samari, wanga gawo na ina ne?"

"Na Maiyama ne, Baba."

"To ni dai gawon da na sani ba shi riƙe ganye da damana."

Wuri ya yi tsit. Gawo itace ne da ke saɓa wa 'yan uwansa: da damina yake kaɗe ganye, da rani yake tofo. Shi ya sa manomi ke barin sa a gona, ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai hoton ya ɗauki gonar da rani, ya ɗauko hadarin wani hoto ya liƙa mata. Duk mu masu kyamara abin ya wuce mu. Tun daga nan nake ganin zaman masu hoton ƙasa bai cika ba sai da manomi ko masunci ko makiyayi a ciki. Su suka san launin ruwa idan gulbi ya kawo da launinsa idan ya janye. Su suka san shamuwa da bazara take isowa, gabanin ruwa, ba za ka same ta a kan kuka da tsakiyar hunturu ba.

To yaya ake lalube kafin a ja? Abin da na ga yana aiki shi ne mai hoto ya kama bakinsa tukuna, masu kallo su faɗi abin da suka gani, ba abin da suke so ba. "Idona ya fara sauka a kan farin san nan, daga nan ya gudu zuwa ledar da ke kusurwa, bai dawo ba." Wannan magana ba zagi ba ce, ba kuma yabo ba. Labari ne aka ba mai hoto na inda hotonsa ke kai ido. Bayan nan sai a tambaye shi: me ya tsayar da kai a wurin nan har ka ɗaga waya? Amsar da ya bayar ita ce ma'auni. Idan abin da ya tsayar da shi shi ne abin da muka gani, aiki ya yi. Idan sun saɓa, ga gurbin da za a gyara.

Wata ɗaliba ta kawo hoton gonar albasa daga bayan garin Aliero. Komai na ciki: albasar iri ta fitar da fararen kawuna, manomi ya sunkuya yana jan tiyo, ruwa na bin fangali, can baya ga rudun ajiyar albasa a jere, ga injin ban-ruwa da jarkar mai. Kyau kam akwai, amma kowannenmu abu daban ya ce ya fara gani. Aka tambaye ta, ta ce ita ruwan ne ya ɗauki hankalinta, yadda yake shiga busasshiyar ƙasa tana canza launi a gabansa. Ke nan abu biyar ke kokawa a hoto guda, kuma wanda ta je dominsa shi ne ya fi kowanne ƙanƙanta. Gyaran da aka ba ta ɗaya ne tak: ta durƙusa, ta kawo wayar kusa da ƙasa, ta bar ruwan ya shigo ta kusurwar hoto ya ja ido har zuwa hannun manomin, rudu da inji su fita. Gyara ne da ƙafa da gwiwa ke yi, ba aljihu ba. Wanda ya ce wa ɗalibi "sai ka canza waya" bai gyara komai ba, ya dai nuna tasa ce. Af, a wannan zaman wani ya ce mata ta koma gonar da almuru don ta sami jan haske. Ban san a wane gida za a bar budurwa ta kai almuru a bayan gari don hoto ba. Shawarar da mai hoto ba zai iya aiki da ita ba gara a riƙe ta. Hasken hantsi ma ya isa.

Matsalar girma da shekaru kuwa maganinta mai sauƙi ne: a tara hotunan a hannun mutum ɗaya, a nuna su babu suna. Za ka sha mamakin yadda bakin yara ke buɗewa idan ba su san na yayansu ba ne.

Yanzu sai maganar da ta fi jawo musu, wato iyakar gyaran hoto a waya ko kwamfuta. Akwai masu cewa duk hoton da aka taɓa ƙarya ne. Ban yarda ba. Ansel Adams, Ba'amurken da har gobe ake koyi da hotunansa na duwatsu da dazuka, a zamaninsa yakan daɗe a ɗakin wanke hoto yana ƙara duhu nan, yana rage shi can. Shahararren hotonsa na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, wanda ya ɗauka a 1941, ya riƙa ƙara wa samansa duhu a bugun da ya yi daga baya. Amma watan na nan ranar, ƙauyen na nan, bai aro su daga wani wuri ba. Nan iyakar take a ganina: ka daidaita haske, ka miƙe abin da ya karkace, ka datse gefe, kada ka sa abin da babu, kada ka share abin da ke akwai sannan ka ce ga Maiyama.

Manyan gasanni ma a kan wannan suke tsayawa. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ta ƙwace kyautar 2009 daga hannun wani ɗan Sifen, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka yana tsallake shinge na kiwo ne, ba na dawa ba. A 2018 ta sake soke kyautar wani ɗan Birazil, da masana suka ce dabbar mai cin tururuwa da ke hotonsa matacciya ce da aka cusa wa kaya aka ajiye don baƙi. Dukansu biyun sun musa, amma hukunci bai canza ba. A 2023 kuma wani Bajamushe, Boris Eldagsen, ya ci wani rukuni na gasar Sony, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya bayyana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, ba kyamara ba. Idan alƙalan duniya na iya ruɗuwa, ina ga mu da ke ƙarƙashin darbejiya? Kariyarmu ɗaya ce, mu mayar da tambaya al'ada: ina ne nan, wane wata ne, me ka taɓa a ciki? Kada a ɗauke ta tuhuma. Kowa a yi masa ita, har mai furfura.

Sai a ce to leda fa? Baƙar ledar nan da ta maƙale a kowace ƙaya, da turken lantarki da ke ratsa kowace faɗuwar rana? Ni ra'ayina, matsa gefe ka kauce musu in za ka iya, ko ka sunkuya ka tsince ledar da hannunka, ka ma yi wa akuyar wani alheri. In ba ta kautuwa, bar ta. Ita ma shaida ce ta zamaninmu. Hoton ƙasa ba na ado kaɗai ba ne. Ambaliyar daminar 2020 ta cinye dubban hektoci na shinkafa a jihar Kebbi; wanda ya ɗauki fadamarsu kafin ruwan da bayansa, ya rubuta wuri da wata, yana riƙe da abin da jikokinsa za su nema. Giginyar da ake sarewa don azara, wadda ka ɗauka bana ba lalle ka same ta baɗi ba. Hoton da aka yi wa kwalliya har ya bar kama da wurinsa ba zai yi wannan aiki ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: ta yaya ka samu? Na ga hoton balbelu sun tashi fari fat a kan gonar shinkafa, aka yi ta yabo, ashe jifa aka sa yara suka yi musu. Na ga na 'ya'yan tsuntsu a sheƙa, an karye rassan da suka rufe su don haske ya shiga, aka bar su ga shirwa da zafin rana. Na ga na mata suna wanki a bakin ruwa, babu wadda aka nemi izininta. Irin waɗannan, ko sun kai ina a kyau, ya kamata zama ya ce wa mai su bai kyauta ba, a gabansa, da lafazi mai taushi. Har rubutun da ake sa wa hoto abin dubawa ne. Tarin jan-baki idan suka murɗa a sama abin kallo ne, amma ka rubuta "kyawun halitta" a ƙarƙashinsu ka nuna wa manomin da suka wayi gari a gonarsa, ka ji abin da zai ce maka.

Abu na ƙarshe da mai gyara na ƙwarai zai yi shi ne ya hana mu kwaikwayo. Duk lokacin da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, sai kowa ya dawo da hoto iri ɗaya: dubban masunta sun ruga Matan Fada da homa da gora. Bikin abin alfaharinmu ne. Amma wannan hoton 'yan jaridar duniya na ɗaukar sa da kayan aikin da ba mu da su, daga inda ba a barin mu mu tsaya. Abin da ba za su taɓa samu ba shi ne Gulbin Gindi a ranar da babu biki, ko fangalin albasa da sassafe kafin a tayar da inji, ko burtalin Maiyama a makon farko na saukar ruwa. Wannan sai ɗan gida, mai iya komawa wuri ɗaya da rani da bazara da damina da kaka har ya san shi.

Kirana ga manyanmu a wannan sana'a, masu shagon hoto da malamai: a zama na gaba ku fara ajiye naku hoton a gaban yara, ku ce su faɗi abin da suka gani, ku kuma daure ku saurara har su gama. Ku kuma samari da 'yan mata, kowa ya zo da hoto guda maimakon ashirin, da ainihinsa da wanda ya gyara a jere, an rubuta wuri da wata a ƙasa. Wanda gidansu ke da dattijon da ya san gona ko ruwa, ya roƙe shi ya zo ya zauna da mu.